Yadda Ake Zaɓar Katin Wi-Fi Na Kwamfutar Tebur Da Yadda Ake Haɗa Shi

Wanda ya saba da wayar hannu, a tunaninsa kowace na'ura da Wi-Fi ɗinta take zuwa. Sai ranar da ya tara kuɗi ya sayo kwamfutar tebur ta hannu, irin su Dell OptiPlex ko HP EliteDesk da ake samu a shagunan titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja, ya kai ta gida, ya kunna hotsifot ɗin wayarsa, ya duba ƙasan sikirin ta hannun dama ya nemi alamar Wi-Fi ya rasa. Kwamfutar ba lalacewa ta yi ba, kuma ba cutarsa aka yi ba. Yawancin irin waɗannan kwamfutoci don ofisoshi aka ƙera su, inda kowane tebur yake da igiyar intanet da ke fitowa daga bango, shi ya sa waɗanda suka fara sayensu ba su ga dalilin biyan kuɗin katin Wi-Fi ba.

Maganin matsalar ba shi da wahala, kati ne za a saya a ƙara mata. Sai dai a nan ne mutane da dama suke yin asara sau biyu. Wani ya sayi mafi araha, ya dawo gida ya tarar ko bidiyon YouTube ba ya buɗewa sai da tsaitsayawa. Wani kuma ya sayi mai tsada, ya zo ya tarar bai shiga akwatin kwamfutarsa ba, ko Windows ɗinsa ta ƙi gane shi, kuma mai shago ya ce an riga an ɓare leda.

Daga ina intanet ɗin zai fito?

Wannan ita ce tambayar farko, tun kafin a tambayi farashi. Katin Wi-Fi ba ya ƙirƙirar intanet, karɓowa kawai yake yi daga wata na'ura: ko hotsifot na waya, ko ƙaramar MiFi, ko rauta ta gida irin wadda MTN da Airtel suke sayarwa, ko ta Starlink da ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023. Duk ƙarfin kati, ba zai wuce abin da wannan na'ura take ba shi ba. Idan MiFi tana jawo megabit 15 a daƙiƙa daga eriyar kamfani, ko katin da ya fi kowanne tsada aka saka, megabit 15 ɗin nan ne dai.

Wi-Fi yana tafiya ne a kan zango, kamar yadda rediyo yake da gajeren zango da FM. Zangon 2.4GHz shi ne tsoho, yana cin nisa, yana ratsa bango, amma cunkushe yake. Wayoyin maƙwabta, sifikar Bluetooth, linzamin kwamfuta marar igiya, har da na'urar ɗumama abinci, duk a nan suke. Ga shi layuka uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawan juna, wato 1 da 6 da 11. A gidan haya ko hostel inda kowa ya kunna hotsifot, hayaniyar ta yi yawa. Zangon 5GHz ya fi sauri nesa ba kusa ba, layukansa suna da yawa, amma bango yana cinye shi. Bangon bulo biyu ko uku, ko katangar ƙasa mai kauri, ko ƙofar ƙarfe, sun isa su raunana shi. Akwai kuma zangon 6GHz, sabon shiga, wanda ya fi na 5GHz ma rashin juriyar bango.

Akwai ruɗani ɗaya da ya kamata a kawar tun yanzu. 5GHz daban, 5G daban. 5G sabis ne na kamfanin waya, wanda MTN ta fara a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023. 5GHz kuwa zangon Wi-Fi ne na cikin gida. Wasu rautoci suna ƙara wa sunan Wi-Fi ɗinsu "5G" a ƙarshe, alhali zangon 5GHz suke nufi. Don haka idan mai shago ya ce katinsa "5G ne", ba yana nufin za a saka masa layi ba.

Ƙananan MiFi masu araha da yawa zangon 2.4GHz kaɗai suke bayarwa. Yawancin wayoyin Android na yanzu kuwa suna ba da zaɓi a cikin saitin hotsifot, ko 2.4 ko 5. Duba wannan ba ya cin minti ɗaya, kuma shi zai nuna irin katin da ya dace.

Lambobin da ke jikin kwali

A da sunayen Wi-Fi haruffa ne masu rikitarwa, sai a 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta sauƙaƙa su zuwa lambobi. Wi-Fi 4 shi ne 802.11n na 2009. Wi-Fi 5 shi ne 802.11ac na 2013. Wi-Fi 6 shi ne 802.11ax da ya fara yaɗuwa a 2019, 6E kuma shi ne dai amma da ƙarin zangon 6GHz. Wi-Fi 7 ya fito a hukumance a farkon 2024. Kowane sabo yana iya magana da tsofaffi, wato katin Wi-Fi 6 zai haɗu da MiFi mai Wi-Fi 4, sai dai da saurin tsohon za su yi tafiya.

Manyan lambobin da ake bugawa a kwali kuwa, dabarar talla ce. Idan aka rubuta AC1200, an haɗa megabit 300 na zangon 2.4 da 867 na zangon 5 ne aka cika lissafi. AX3000 kuma 574 ne da 2402. Kati ba ya haɗa zangon biyu ya yi gudu da jimillarsu, ɗaya yake kamawa a lokaci guda. Ko lambar zango ɗayan ma ta takarda ce, abin da ake samu a aikace sau da yawa rabinta ne ko fiye da rabi kaɗan. Sannan megabit ba megabait ba ne: sai an raba da takwas. Layin megabit 40 yana sauke kusan megabait 5 ne a daƙiƙa, kuma wannan ƙaramar lambar ce ake gani lokacin sauke fim.

Ɗan ƙaramin nan mai kama da farce, wanda aka rubuta wa 150Mbps, shi ya fi yawa a kasuwa saboda araharsa. Wi-Fi 4 ne, zangon 2.4 kaɗai yake gani, eriyarsa kuma ɗan zare ne a cikin roba. Sau da yawa a kan megabit 72 yake haɗuwa, ba 150 ba. Idan wayar da ke ba da hotsifot tana kan tebur ɗaya da kwamfutar, kuma aikin bai wuce cike fom da bincike da WhatsApp ba, zai yi. Amma idan rautar tana falo kwamfutar tana ɗaki, sayensa zubar da kuɗi ne.

Ga mafi yawan mutane, mafi ƙarancin abin da ya kamata a nema shi ne kati mai zango biyu, Wi-Fi 5 zuwa sama. Wi-Fi 7 kuwa, sai dai ga wanda ya riga ya mallaki rauta irinsa.

Na USB ko na ciki?

Na USB shi ne mai sauƙi: a soka, a girka direba, an gama. Ba buɗe akwati, kuma ana iya cire shi a kai wata kwamfutar. Rauninsa zafi da ƙarancin eriya. Ƙananan suna ɗaukar zafi idan ana doguwar saukewa, musamman a watannin bazara, sai saurinsu ya faɗi ko su yanke gaba ɗaya. Masu doguwar eriya a waje sun fi su sosai. Idan katin ya kai AC1200 ko AC1300, irin TP-Link Archer T3U, a kafar USB 3.0 ya kamata a soka shi, wadda galibi shuɗiya ce a ciki, domin USB 2.0 iyakarta megabit 480 a takarda, a aikace ma ba ta kaiwa.

Na ciki kuwa a kan madabod yake zama, wato babban faifan da komai na kwamfutar yake haɗuwa a kansa, a gurbin da ake kira PCIe. Eriyoyinsa biyu suna fitowa ta bayan akwati. Ya fi ƙarko, ya fi riƙe sigina, kuma yawancinsu suna zuwa da Bluetooth, wanda zai ba da damar haɗa iyafis da linzami da hannun gem. Ga mai wasan gem a intanet, ko mai ɗora bidiyo a YouTube da TikTok, ko mai aiki daga gida da ke shiga taron Zoom kullum, wannan ne zaɓin da ya fi.

Kafin a saya, sai a buɗe akwatin a leƙa, a ɗauki hoto da waya a tafi da shi kasuwa. Gurbin PCIe x1 gajere ne, bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Idan babu shi, katin zai zauna lafiya a dogon gurbi na x4 ko x16. Abin da ba zai yiwu ba shi ne saka shi a tsohon gurbin PCI, wanda galibi fari ne a tsofaffin kwamfutoci. Sunan ya yi kama, amma haƙoransu ba ɗaya ba ne.

Sai batun ƙarfen baya, wanda ya fi komai mayar da mutane kasuwa. Yawancin kwamfutocin ofis da ake sayarwa na hannu sirara ne, waɗanda ake rubuta wa SFF. Ƙarfen da ke riƙe kati a bayan babban akwati ya yi musu tsawo, murfin ba zai rufu ba. Katuna masu kyau suna zuwa da gajeren ƙarfe na biyu a cikin kwali. A tabbatar yana nan kafin a biya kuɗi.

Akwai kuma ƙananan kwamfutocin nan masu girman littafi, Lenovo ThinkCentre Tiny da Dell OptiPlex Micro da HP Mini. Su ba su da gurbin PCIe irin na manya. Yawancinsu ƙaramin gurbin M.2 gare su na katin Wi-Fi irin na laftof, kuma sai an haɗa da siraran wayoyin eriya masu ɗan mitsitsin kai da ake dannawa a jikin katin. Wannan kan yana da saurin karyewa. Wanda hannunsa bai saba ba, gara ya kai wa mai gyara ko ya tsaya a na USB.

Sunan kwali da abin da ke ciki

Kamfanonin da sunansu ke jikin kwali ba su ne suke ƙera ƙwaƙwalwar katin ba. Intel da Realtek da MediaTek da Qualcomm ne suke yin ta, kuma ita ce take yanke hukuncin wane direba zai yi aiki. Misali sananne shi ne TP-Link TL-WN722N: fitowar farko tana ɗauke da Atheros AR9271, wadda masu koyon tsaron intanet a Kali Linux suke nema ruwa a jallo, amma fitowa ta biyu da ta uku Realtek ce a ciki. Suna ɗaya, kwali kusan ɗaya, ciki daban. Ana gane fitowar ne ta ɗan rubutun V1 ko V2 a jikin sitikar.

A katunan ciki, Intel AX200 mai Wi-Fi 6 da AX210 mai 6E sun yi suna wajen rashin ba da ciwon kai. Kamfanoni da yawa su suke ɗorawa a kan faifansu su buga sunansu. Suna aiki a kwamfuta mai furosesan Intel ko AMD, kuma Linux yana gane su da kansa: AX200 tun daga kanel 5.1, AX210 daga 5.10. Sai dai a kula da 'yan uwansu AX201 da AX211. Lamba ɗaya ce ta bambanta su, amma su rabin aikinsu yana cikin madabod na Intel ne, ba sa tashi a AMD ko a tsofaffin kwamfutocin Intel.

Waɗannan sababbin katunan Intel ba su da direban Windows 7, sai Windows 10 mai bit 64 zuwa sama, zangon 6GHz kuma sai da Windows 11. Mai tsohuwar Windows 7 ko dai ya sabunta ta, ko ya nemi kati mai Realtek da aka rubuta Windows 7 a kwalinsa.

Saka katin ciki

A kashe kwamfutar, a zare igiyar wuta daga bayanta. Ɗauke wutar NEPA ba dalili ba ne na barin igiyar a jone, domin tana iya dawowa hannu yana ciki, balle idan akwai UPS ko inbata. Bayan an zare, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa kamar goma don sauran wutar da ke ciki ta fita.

A lokacin hunturu, sanda iska take bushewa har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi, jiki yana tara lantarkin da ya isa ya ƙona ƙananan sassan kati. A riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin a ɗauki katin, a riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoransa masu ruwan zinare. Tunda an buɗe, a hure ƙurar da ta taru a gurbin ma.

A cire ƙarfen da ya rufe tagar baya daidai da gurbin, a saita katin, a danna shi a miƙe har haƙoran su shige duka, a ɗaure shi da kusa ko a mayar da maƙallin akwatin. Daga nan sai igiyar Bluetooth, wadda mutane da yawa suke bari a kwali suna zaton ta ƙari ce. Wi-Fi ta gurbin PCIe yake bi, amma Bluetooth ta USB yake bi, don haka dole wannan siririyar igiya ta tashi daga katin zuwa wasu allurai tara a kan madabod da aka rubuta wa USB ko F_USB. Allura ɗaya babu ita a kusurwa, saboda haka kan igiyar ta fuska ɗaya kawai yake shiga. Idan ya ƙi, a juya shi, kada a tilasta. Wasu kwamfutocin ofis na Dell da HP ba su da waɗannan allurai a sake, to a nan Wi-Fi zai yi aiki, Bluetooth kuwa sai an nemo ɗan na USB daban.

A ƙarshe a murɗa eriyoyin biyu. Ba ado ba ne. Kati marar eriya ko rautar tana gefensa da ƙyar zai gan ta, Bluetooth ɗin ma da su yake aiki.

Direba ba tare da intanet ba

Windows 10 da 11 suna gane katuna da yawa da kansu. Idan ba su gane ba, sai a shiga tsaka mai wuya: direban yana intanet, intanet ɗin kuma sai da direba. Faifan CD da ke cikin kwali ma ba lallai kwamfutar tana da wurin saka shi ba. Wayar hannu ce mafita. A haɗa ta da kwamfutar da igiyar caji mai ɗaukar data, a shiga saitin hotsifot na Android a kunna USB tethering. Nan take kwamfutar za ta samu intanet kamar an jona mata igiya, sai a bar Windows Update ta nemo direban, ko a sauke shi daga shafin kamfanin da ya yi katin.

Wasu na USB da ake rubuta wa "driver free" da direbansu suke zuwa a ciki. Idan aka soka su, sai su bayyana kamar faifan CD a This PC, a buɗe a girka, sannan su rikiɗe su koma katin Wi-Fi.

Idan katin ba shi da suna, kwalin ma ya ɓata, akwai hanyar gano shi. A buɗe Device Manager, a nemi na'urar da ke da alamar ruwan ɗorawa, a shiga Properties, sai Details, a zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke nan tana faɗin wanda ya ƙera shi: 8086 Intel ce, 10EC ko 0BDA Realtek, 148F Ralink, 0E8D MediaTek, 168C Atheros. A kwafi layin duka a bincika a waya, sunan ƙwaƙwalwar zai fito. Manhajojin nan da suke alkawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya kuwa, gara a nisance su. Da yawansu talla da tarkace suke cusa wa kwamfuta.

Kafin data ta ƙare

Kwamfuta ba ta san tsadar data ba. Da zarar Windows ta ga Wi-Fi, ɗauka take yi intanet ɗin ba shi da iyaka, sai ta hau sauke sabuntawa da manhajoji a ɓoye, ta cinye gigabait da dama kafin mai ita ya farga. Wanda ke amfani da hotsifot ko MiFi, abu na farko bayan saka kalmar sirri shi ne ya shiga Settings, sai Network & Internet, sai Wi-Fi, ya buɗe sunan layin da ya haɗa, ya kunna Metered connection. Kowane layi sai an yi masa nasa. Wannan ba yana nufin a daina sabunta Windows ba ne, a'a, a riƙa yi da gangan lokacin da aka sayi datar dare ko aka samu Wi-Fi mai yalwa.

A ɓangaren rauta ko hotsifot, tsaron ya kasance WPA2 ko WPA3, da kalmar sirri da ba lambar waya ba ce. WPA3 ya fito a 2018, kuma tsofaffin katuna ba su san shi ba. Idan kati yana ganin sunan layi amma ya ƙi haɗuwa duk da kalmar sirrin daidai ce, a mayar da tsaron WPA2 a gwada. Idan kuma sunan hotsifot ɗin ne ba ya fitowa kwata-kwata, mai yiwuwa wayar tana kan 5GHz ne katin kuma 2.4 kaɗai yake gani. A Android a sauya zangon, a iPhone 12 zuwa sama a kunna Maximize Compatibility.

Idan yana rarrafe ko yana yankewa

Kafin a zargi katin, a duba inda yake. Akwatin kwamfuta ƙarfe ne, kuma galibi a ƙasan tebur ake tura shi, bayansa ya manne da bango, eriya ta shige tsakanin ƙarfe da siminti. Babu wurin da ya fi nan muni. Na USB, a sayo igiyar ƙari ta mita ɗaya ko biyu a ɗaga shi saman tebur. Wannan igiyar tana maganin wata matsalar ma, domin kafar USB 3.0 da na'urorin da ke jikinta suna fitar da hayaniya a zangon 2.4GHz, abin da Intel ta yi bayaninsa tun 2012. Na ciki kuma, akwai masu zuwa da gindin eriya mai maganaɗisu da doguwar igiya, irin Archer TX3000E, wanda ake ɗorawa a saman akwati ko tebur.

Don ganin gaskiyar abin da ke faruwa, a buɗe Command Prompt a rubuta netsh wlan show interfaces. Zai nuna ƙarfin sigina cikin ɗari, da layin da aka hau, da saurin da katin ya haɗu da rauta. Idan siginar tana da ƙarfi, saurin haɗuwar ya kai ɗaruruwa, amma intanet yana rarrafe, to matsalar daga sabis ɗin kamfani take. A gwada fast.com a waya da kwamfuta a wuri ɗaya a kwatanta. Idan kuwa siginar ce ƙasa da rabi, a matso da rautar ko a koma zangon 2.4.

Yankewar da take zuwa bayan an bar kwamfuta na ɗan lokaci, sau da yawa tsimin wuta ne na Windows. A Device Manager, a buɗe katin, a shafin Power Management a cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe shi. Ga na USB, a shiga Power Options ma a kashe USB selective suspend.

Idan kuwa rautar tana ɗaki ɗaya da kwamfutar, kuma tana da kafar igiya a bayanta, to kusan kowace kwamfutar tebur tana da irin wannan kafar. Igiyar Ethernet ta mita biyar, Cat5e ko Cat6, tana ɗaukar gigabit ɗaya, ba ruwanta da hotsifot ɗin maƙwabta, kuma kuɗinta bai kai na katin ba.